Dukiyarta Ce, Amma Sai da Izinin Tsohon Miji

A farkon shekarar 2010 aka kammala raba auren Steve Wynn da matarsa Elaine a birnin Las Vegas na Amurka, aka kuma raba abin da suka tara gida biyu. Kason da ya faɗo wa Elaine a kamfaninsu na Wynn Resorts ya kai hannun jari miliyan 11, wanda a farashin lokacin ya haura dala miliyan 700. Jaridu suka yi ta sa wannan saki a jerin mafi tsada da aka taɓa gani. Abin da ba su cika ambata ba shi ne, a daidai wannan lokacin matar ta sa hannu a wata takarda da ta hana ta sayar da dukiyar sai da yardar mutumin da suka rabu, ta kuma wajabta mata jefa ƙuri'arta inda ya nuna. Shekara takwas ta yi a ƙarƙashin takardar nan, kusan shida daga ciki tana zaryar kotu, kuma a ƙarshe ba hukuncin alƙali ne ya kwance ta ba.

Su biyun sa'o'in juna ne, duk haihuwar 1942. Sun yi aure a 1963, shekarar da mahaifin Steve ya rasu ya bar masa bashin caca na kimanin dala 350,000 da wani ɗan gidan wasan bingo a jihar Maryland. Bingo caca ce ta masu ƙaramin ƙarfi, ana kiran lamba jama'a suna duba kati. Da wannan gida suka fara, amarya tana karatun jami'a a Washington tana kuma taya mijinta aiki. A 1967 suka tattara ya-nasu ya-nasu suka koma Las Vegas, garin da aka gina a tsakiyar hamadar Nevada, wanda ba shi da wata sana'a da ta wuce caca da saukar baƙi.

Daga nan likkafa ta yi ta ci gaba. A 1973 Steve ya karɓi ragamar otal ɗin Golden Nugget. A 1989 suka buɗe Mirage, wanda ya ci dala miliyan 630, kuɗin da mutanen garin suka ɗauka ganganci ne har sai da suka ga cinikin. A 1998 sai Bellagio, na dala biliyan 1.6. Duk tsawon wannan tafiya Elaine tana cikin kwamitin daraktoci, kuma hannunta yana cikin abubuwan da baƙo ke gani da idonsa, tun daga kayan da ma'aikata ke sawa har tsarin ɗakuna da bukukuwan buɗe gida. A tsakiyar haka ne aurensu ya fara mutuwa, a 1986. Wannan sakin na farko bai girgiza komai ba, aiki ya ci gaba kamar ba a yi ba, kuma a 1991 suka sake ɗaura aure. Wataƙila wannan ne ya sa a karo na biyu ta ɗauka haka za a sake yi.

A shekarar 2000 wani abu ya sami Steve wanda ya bayyana halinsa na baya. Attajirin nan Kirk Kerkorian, mai kamfanin MGM Grand, ya kawo tayin sayen Mirage Resorts gaba ɗaya a kan sama da dala biliyan 6. Steve bai nemi tayin ba, kuma kason da yake riƙe da shi bai kai ya ce a'a shi kaɗai ba. Kamfanin da ya yi kusan shekara talatin yana ginawa ya koma hannun wani. Bai zauna ba. Cikin watanni ya sayi tsohon otal ɗin Desert Inn a kan dala miliyan 270, ya ce kyautar zagayowar ranar haihuwa ce ya yi wa matarsa. Kuɗin sabon ginin kuwa sai da aka nemo abokin tarayya, aka samu Kazuo Okada, ɗan Japan mai kamfanin ƙera injinan caca, wanda ya fara zuba dala miliyan 260. A 2002 aka sa Wynn Resorts a kasuwar hannun jari, Elaine tana cikin daraktocin farko. Otal ɗin Wynn Las Vegas, na dala biliyan 2.7, an buɗe shi ran 28 ga Afrilun 2005, ranar da ta cika shekara 63. Shekara guda bayan haka suka buɗe wani a Macau, yankin ƙasar Sin da aka halatta caca, kuma ba a jima ba cinikin can ya zarce na gida.

Mai karatu yana iya cewa dukiyar caca ce, su ƙarata. Ban ƙi ba. Sai dai dokar da ta kama Elaine ba dokar caca ba ce, dokar kamfani ce, kuma iri ɗaya take aiki a kan mai sayar da siminti da mai gidan burodi. Ko a Najeriya, kafin dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai, sai da mutum biyu ake yi, kuma sunan da ya fi saurin zuwa bakin magidanci shi ne na uwargida. Alƙalin kotun shari'a yana iya raba auren a zama ɗaya, amma sunan nan yana nan a rajistar Hukumar CAC, kuma rigimar hannun jari hurumin Babbar Kotun Tarayya ce.

A 2009 aka shigar da takardun saki na biyu. Nevada tana cikin jihohin Amurka ƙalilan da dokarsu ta ce duk abin da miji da mata suka samu a zaman aure nasu ne su biyu, rabi da rabi, ko da sunan wa aka rubuta. Saboda haka babu gardama a kan cewa Elaine tana da rabi. Amma rabin me? Kotun iyali ba ta da ikon ta ce ke ɗauki otal ɗin Macau, kai ka ɗauki na Las Vegas. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, shi ya mallaki gine-ginensa da asusunsa, kuma ba ya cikin auren kowa. Abin da ma'auratan suka mallaka shi ne hannun jari, shi kaɗai kotu za ta iya rabawa. Shi kuwa hannun jari abu uku yake ɗauke da su: rabon riba, ƙuri'a a taron masu kamfani, da damar sayarwa ranar da ka ga dama. Mutane sun saba ganin ukun tare har suna zaton ba sa rabuwa. Suna rabuwa, kuma lauya mai wayo yana iya bar maka na farko ya zare sauran biyun.

Lissafin da ke gaban Steve mai sauƙi ne. Kafin saki yana da hannun jari kimanin miliyan 22, Okada yana da miliyan 24 da rabi, kuma akwai tsohuwar yarjejeniya a tsakaninsu wadda ta bar jagorancin ƙuri'a a hannun Steve. Bayan saki zai koma miliyan 11, ƙasa da rabin na abokinsa. Idan Elaine ta sayar da nata, ko ta jingina da wani ɓangare, abin da ya faru a 2000 yana iya maimaituwa. Ran 6 ga Janairun 2010 aka sake rubuta yarjejeniyar masu hannun jari, aka shigar da Elaine ta zama ta uku. Ta amince za ta zaɓi daraktocin da Steve ya tsayar, kuma ba za ta sayar da kasonta ba sai da rubutacciyar yardar sauran, ban da ɗan abin da takardar ta keɓe. Shi kuma ya ɗauki alkawarin sa sunanta cikin waɗanda zai mara wa baya a kwamitin daraktoci. Sharaɗin hana sayarwa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba, ya hau kan duk wanda ya sa hannu. A lokacin babu wanda ya damu da wannan, don ba wanda ya taɓa tunanin ranar da Steve Wynn zai so sayar da Wynn Resorts.

Ba za a ce an yaudare ta ba. Mace ce mai ilimi, ta yi shekaru a kujerar darakta, kuma tana da lauyoyinta. A ganina abin da ya ja ta shi ne lissafin da ya yi daidai a ranar: darajar hannun jarinta ta dogara da yardar da kasuwa ta yi wa Steve, to duk abin da ya raunana shi ya rage mata dukiya. Ga shi kuma an rabu lafiya, suna yabon juna a gaban 'yan jarida, ofishinta yana nan a cikin otal. Takardar da aka rubuta ana dariya ba a cika tambayarta ina ƙofar fita ba. Wannan kuwa ba ta bar wa Elaine wata ƙofa da za ta iya buɗewa da kanta ba. A 2011 Steve ya auri wata 'yar Ingila, Andrea Hissom, zumuncin da ake taƙama da shi ya fara sanyi.

Wuta ba daga gida ta fara tashi ba, daga wajen Okada ta taso. A 2011 ya ƙi amincewa da kyautar dala miliyan 135 da kamfanin ya yi alkawarin bai wa wata gidauniyar Jami'ar Macau, ya nemi a buɗe masa littattafai. Kamfanin kuma ya ɗauko Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya binciki harkokin Okada a ƙasar Filifin, inda yake gina nasa gidan cacar. Rahoton ya zarge shi da kashe wa jami'an da ke kula da caca a can kimanin dala 110,000 ta hanyar masauki da kyaututtuka, shi kuwa ya musanta aikata laifi. A Fabrairun 2012 daraktoci suka zauna suka yanke cewa bai cancanci zama mai hannun jari ba. Suka karɓe kasonsa na kusan kashi 20 cikin ɗari da ƙarfin dokar kamfanin, suka rage kashi 30 daga farashin kasuwa, suka miƙa masa takardar bashi ta dala biliyan 1.9 da za a biya bayan shekara goma. Elaine tana cikin daraktocin da suka amince. Ta ga da idonta yadda ake fitar da mutumin da ya fi kowa kaso a cikin kwana ɗaya.

Wata huɗu bayan haka, a Yunin 2012, ta shigar da tata ƙarar a cikin shari'ar da ake yi da Okada a kotun gundumar Clark, gaban Mai Shari'a Elizabeth Gonzalez. Hujjarta ta farko ita ce, ta yarda da sharuɗɗan ne don a kiyaye daidaito tsakanin Steve da Okada, to tunda Okada ya fita, dalilin ya faɗi, ya kamata sharaɗin ya bi shi. Hujja ta biyu tsohuwar ƙa'ida ce a dokar Ingila da Amurka, cewa kotu ba ta son sharaɗin da ke hana mai abu sayar da abinsa ba tare da iyaka mai ma'ana ba. Ta ce tana so ta tsara gādon 'ya'yanta, ta kuma yi sadaka da dukiyarta yadda take so. Amsar ɓangaren Steve ita ma ba ta banza ba ce: babba ce, da lauyoyinta ta sa hannu, ta karɓi abin da aka ba ta a madadi, kuma yarjejeniya ba ta rushewa don ɗaya ya canza ra'ayi.

Da a ce kamfanin nasu ne su biyu rak, rabi da rabi, da akwai wata hanya. A jihar Delaware an yi irin wannan da kamfanin fassara na TransPerfect, wanda Philip Shawe da Elizabeth Elting suka kafa a 1992. Su baiko kawai suka yi ya lalace, amma suka ci gaba da riƙe kamfanin tare har gaba ta kai ba a iya yanke ko ƙaramar shawara. A 2015 kotu ta ce tunda ƙuri'a ta cije, a naɗa wakili ya sayar da kamfanin, duk da cewa riba yake ci. A 2018 Shawe ya sayi rabin Elting a kan dala miliyan 385. Kotu tana shiga irin wannan ne idan kamfani ya tsaya cik. Wynn Resorts bai tsaya ba, yana tafiya sumul, Elaine ce kawai a tsaye, da kasonta na sama da kashi 9 cikin ɗari. Doka ba ta gaggawa a kan ƙuncin mutum ɗaya idan kamfani yana lafiya.

Shekara uku tana ƙarar shugaban kamfani kuma tana zama teburi ɗaya da shi. A farkon 2015 wa'adinta na darakta ya zo ƙarshe, kwamitin da ke tsayar da 'yan takara ya ƙi sake tsayar da ita. Ba su ma sa wani a madadinta ba, sai suka rage kujerun daga takwas zuwa bakwai. Dalilan da suka bayar sun haɗa da cewa ƙararta ta sa buƙatarta a gaban ta kamfani, cewa idan ta yi nasara hakan yana iya taɓa sharuɗɗan basussukan da kamfanin ya ci, da kuma cewa dokar kasuwa ba ta ɗauke ta darakta mai zaman kanta ba. Ita kaɗai ce mace a kwamitin.

A nan ne ta gane abin da ba ya cikin rabon dukiya. Kujerar darakta ba kadara ba ce, ba a gadonta kuma ba a rabata a kotun saki, zaɓe ake yi. Alkawarin da Steve ya ɗauka na mara mata baya alkawarin mutum ɗaya ne, bai ɗaure sauran daraktoci ba. Shi kansa ya ce ita zai zaɓa tunda yarjejeniya ta ce haka, ita kuma daga baya ta zarge shi a kotu da cewa da hannu ɗaya ya ba ta ƙuri'a, da ɗayan ya kitsa fitar da ita. Ya musanta. Ba ta haƙura ba, ta tsaya takara da kanta, ta rubuta wa masu hannun jari wasiƙu, ta bi manyan kamfanonin zuba jari ofis-ofis tana tuna musu cewa tare da ita aka aza harsashin gidan. Ran 24 ga Afrilun 2015 aka ƙidaya ƙuri'u, ta faɗi. Daraktocin da kwamitin ya tsayar, John Hagenbuch da J. Edward Virtue, suka koma kujerunsu. A riƙe sunan Hagenbuch, zai dawo.

Saura rabon riba, shi ma bai tsira ba. Yaƙin da Shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar da cin hanci a ƙasar Sin ya sa manyan 'yan caca suka ƙaurace wa Macau, ciniki ya faɗi warwas. Kwanaki kaɗan bayan zaɓen kamfanin ya rage ribar da yake rabawa duk wata uku daga dala ɗaya da rabi zuwa rabin dala a kan kowane hannun jari. Farashin hannun jarin, wanda ya haura dala 240 a farkon 2014, ya gangaro ƙasa da dala 60 a farkon 2016. Elaine tana riƙe da kimanin miliyan 9 da rabi a lokacin, wato sama da dala biliyan ɗaya da rabi suka zube daga dukiyarta a lissafi. Ɗan fansho mai hannun jari goma a wani ƙauyen Amurka yana iya kiran dillalinsa ya ce a sayar. Matar da ta kafa kamfanin ba ta da wannan dama. Steve kuwa ya yi amfani da faɗuwar ya ƙara saye, kasonsa ya haura miliyan 12.

A Maris na 2016 ta sabunta ƙararta, kuma wannan karon ta cire kunya. Ta zargi tsohon mijinta da tafiyar da kamfanin kamar gidansa, daraktoci suna kallo ba mai iya ɗaga masa murya. A cikin takardun akwai wani ɗan sakin layi da ya ce ya taɓa biyan miliyoyin daloli don kashe wani zargi mai nauyi da ya shafi ma'aikaciya, ba tare da an sanar da daraktoci ba. Ba a ambaci suna ba, ba a faɗi adadi ba. Ɓangaren Steve ya ce maganar tsohuwar mata ce mai jin haushi, yawancin masu sharhi ma haka suka ɗauke ta, shari'a ta ci gaba da jan ƙafa.

Ran 26 ga Janairun 2018 jaridar Wall Street Journal ta buga rahoton da ya juya komai. Ta ce ta zanta da mutane da dama da suka yi aiki a otal-otal ɗinsa, waɗanda suka ba da labarin shekaru na matsa wa ma'aikata mata da neman lalata. Ta kuma bayyana cewa ya biya wata mai gyaran farce dala miliyan 7.5 a kan zargin abin da ya faru a 2005. Steve ya ce bai taɓa cin zarafin wata mace ba, kuma ya ɗora alhakin rahoton a kan Elaine, ya ce makircinta ne don ta samu abin da take nema a kotu. Ɓangarenta ya musanta. Washegari ya sauka daga shugabancin kwamitin tara kuɗi na jam'iyyar Republican. Ran 6 ga Fabrairu ya ajiye shugabancin kamfanin da ke ɗauke da sunansa, Matt Maddox ya gaje shi.

Murabus bai wadatar ba, kuma a nan ne sana'ar caca ta shigo labarin da gaske. Gidan caca da lasisi yake rayuwa, kuma hukumomin da ke ba da lasisin ba shugaban kamfani kawai suke tantancewa ba, har manyan masu hannun jari. Hukumomin Nevada da Massachusetts da Macau duk suka fara tambaya. A Massachusetts kamfanin yana tsakiyar ginin wani otal na sama da dala biliyan biyu a gefen Boston. Muddin Steve yana riƙe da kashi 12 cikin ɗari, lasisin yana cikin hatsari, darajar abin da ya rage masa ma haka. Dole ya sayar, kuma da sauri. Sai ga shi ba zai iya ba sai Elaine ta yarda. Igiyar da ya ɗaure ta da ita a 2010, ashe ɗaya bakin a ƙafarsa yake.

Kwanaki kaɗan bayan murabus ɗinsa lauyoyinsa suka sanar da kotu cewa ya daina jayayya, ya yarda yarjejeniyar ba ta da sauran ƙarfi. Abin da ya yi kusan shekara shida yana kashe kuɗi don karewa, ya sake shi a wasiƙa guda. A farkon Maris kamfanin ya sasanta da kamfanin Universal na Japan, wato kamfanin Okada da aka karɓe wa kaso a 2012, wanda a lokacin shi ma ya riga ya tsige Okada, a kan kimanin dala biliyan 2.4. A tsakiyar watan aka soke yarjejeniyar 2010 a gaban kotu, kuma kafin wata ya ƙare Steve ya sayar da duk hannun jarinsa miliyan 12.1 a kan kimanin dala biliyan 2.1. A Afrilu, ana dab da fara sauraron shaidu, suka kashe sauran ƙarar, ya biya ta dala miliyan 25. Tambayar da lauyoyi suka so jin amsarta, ko doka ta yarda a ɗaure tsohuwar mata da irin wannan sharaɗi ba iyaka, babu alƙalin da ya amsa ta. Duk wadda ta sami kanta a irin wannan hali gobe, daga farko za ta fara.

Bai kamata a wanke Elaine tas ba. Ta faɗa da bakinta cewa tun 2009, lokacin da ake shirin saki, ta ji labarin kuɗin da aka biya. Ta ce ta kai maganar ga babbar lauyar kamfanin, Kim Sinatra, aka nuna mata an riga an kashe batun. Amma ita darakta ce, kuma ta ƙara shekaru a kujerar ba ta ajiye zancen a gaban kwamiti ba. Masu binciken Massachusetts sun yi mata wannan tambaya a 2019, ko da yake a ƙarshe sun bar mata damar riƙe kasonta. Ina ganin shirun nata da takardar da ta sa wa hannu daga tushe ɗaya suke: duk wanda dukiyarsa ke rataye da sunan wani, yana da dalilin kare sunan ko da ya san abin da ke ƙarƙashi. Matan da ke aiki a ɗakunan gyaran jiki na otal ɗin su ne suka biya kuɗin wannan lissafi, kuma babu mai hannun jari miliyan ko ɗaya a cikinsu.

Da Steve ya fita, Elaine ta wayi gari ita ce mai kaso mafi girma a Wynn Resorts, ƙuri'arta kuma a hannunta karo na farko. Kowa ya zaci za ta sayar ta huta, tunda abin da ta je kotu nema ke nan. Ba ta sayar ba. Ba ta kuma nemi kujerarta ta dā ba. Sai ta juya kan daraktocin da suka zauna shekara da shekaru suna kallo. Kamfanin ya yi saurin naɗa mata uku a kwamitin, Betsy Atkins da Dee Dee Myers da Wendy Webb, ta ce bai isa ba. Ta kira masu hannun jari da su hana John Hagenbuch ƙuri'a, aminin Steve ne kuma yana cikin kwamitin da aka ɗora wa binciken Steve ɗin. Wannan karon manyan kamfanonin da ke ba masu zuba jari shawara suka goya mata baya. Kwana biyu kafin babban taron Mayun 2018 Hagenbuch ya janye, Robert Miller, tsohon gwamnan Nevada, shi ma ya ajiye kujerarsa. A watan Yuli aka sanar da tafiyar Kim Sinatra.

A Agusta aka yi sulhu. Kamfanin ya karɓi mutumin da ta kawo, Phil Satre, tsohon shugaban kamfanin Harrah's, aka naɗa shi mataimakin shugaban daraktoci, kafin ƙarshen shekara ya zama shugaba. Ita kuma ta sake sa hannu a wata takarda da ta taƙaita ta: ba za ta tsayar da ɗan takara ba, ba za ta sake tayar da yaƙin ƙuri'a ba. Bambancin shi ne wannan tana da wa'adi, zuwa babban taron 2020.

Hukumar Nevada ta ci kamfanin tarar dala miliyan 20 a Fabrairun 2019 saboda rashin bincikar ƙorafin ma'aikata, ta Massachusetts ta ci shi miliyan 35 a Afrilu, ta bar masa lasisi. Otal ɗin Boston ya buɗe a Yunin shekarar da sunan Encore, bayan an cire Wynn daga jikinsa. A 2023 Steve ya biya Nevada dala miliyan 10, ya kuma amince ya fita daga harkar caca a jihar, ba tare da ya amsa laifi ba. Elaine ta ci gaba da riƙe hannun jarinta, ta mai da hankali kan harkar ilimi, inda ta shugabanci hukumar ilimi ta jihar Nevada, da kuma gidan adana kayan zane na Los Angeles. Ta rasu ran 14 ga Afrilun 2025 tana da shekara 82, ba ta sake zama a kwamitin daraktocin kamfanin ba.